Kason Yaya Fatsima

Duk wanda ya ce ya zauna a Minguettes amma bai san Biba ba, ku ƙara bincike, wata unguwar ya zauna. Ita ce gajeriyar matar nan mai faɗi, wadda ake jin dariyarta tun daga ƙasan bene, wadda in ta shiga bas sai ta tsaya ta tambayi direba lafiyar iyalinsa, mutane na tsaye a bayanta suna hura hanci. Shekara talatin da 'yan kai ke nan da Malam Abdou, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko ta daga unguwar Birni ta Damagaram ya kawo ta Vénissieux, kusa da birnin Lyon a ƙasar Faransa. Shi yana aiki a masana'anta, ita tana wanke tukwane a kicin ɗin lekol, wato makaranta. Ya rasu, 'yarsu ɗaya tilo Widad ta girma ta kama aikin ofis a cikin Lyon, Biba kuma ta ajiye aiki ta koma suyar ƙosai ranar Asabar ga duk wanda hancinsa ya kawo shi.

Hali ɗaya gare ta da kowa ya sani: ba ta iya cin abu ita kaɗai. Uwarsu ta rasu tun Biba ba ta iya tafiya ba, yayarta Fatsima ce ta goya ta, ta yi mata wanka, ta tauna abinci ta sa mata a baki, alhali ita ma yarinya ce. Tun daga nan duk abin da ya shigo hannun Biba yana da kason Yaya. In ta sayi atamfa, almakashi ne ke fara gaisawa da ita. Turare ta tsiyaye rabi a ƙaramar kwalba. Sabulu ta yanka shi da wuƙar albasa. Widad ta rantse ta taɓa iske uwarta ta tasa sabon takalmi a gaba tana kallonsa cikin baƙin ciki, don ba ya rabuwa, daga ƙarshe ta aika da shi duka biyun. In an yi mata magana sai ta ce, "Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu." Mai kai saƙon kuwa Ɗan Juma ne, wani ɗan kasuwa mazaunin Sevran ta wajen Paris, wanda ba ya wata biyu bai leƙa gida ba da akwatuna kamar mai ƙaura.

Wata rana a kasuwar Minguettes jiri ya kwashe ta a gaban mai tumatir. Likitan unguwa, Dokotoro Nicolas, ya ɗaura mata abin awo a hannu, ya duba, ya sake dubawa, ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, kuma ya hau sosai. Ya rubuta magani. Ta je farmasi ta miƙa katin Vital na inshorar lafiya, aka cika mata leda, ba a tambaye ta ko sisi ba.

A makon nan ta kira Damagaram. Bayan an gama gaisuwa, ina gajiya, ina yara, ina zafi, ina sanyi, Yaya Fatsima ta ce ai kwana biyu kai ne ya matsa mata, an auna ta an ce tansiyo. Magani kuma sai ranar da hali ya yi a sayo 'yan ƙwayoyi, in sun ƙare a ɗaure kai da ƙyalle.

Biba ta tuntsire da dariya har ta buga cinya. "Yaya, har ciwo ma ba za ki bar ni in yi ni kaɗai ba?"

Tana ajiye waya ta zazzage ledar a kan tabarmar salla. A wajenta maganar ba ta da wuya ko kaɗan: uwa ɗaya, uba ɗaya, ciwo ɗaya, to me zai raba magani? Ta kasa shi biyu, ta naɗe na Yaya a cikin ɗankwali, ta ce mata Nasara ne suka ba ta ya yi mata yawa.

Da lokacin randebu, wato ranar komawa ganin likita, ya zagayo, Dokotoro Nicolas ya sake aunawa. Mutumin kirki ne, ba a raba shi da murmushi, sai dai idonsa na kan kwamfuta, kuma bayan Biba akwai mutane cike da ɗakin jira.

"Madam, kina shan maganin?" ya tambaya.

"Ina sha, Dokotoro."

Kuma ba ƙarya ta yi ba, tana sha, sai dai kafin wata ya raba nata ya ƙare. Ya girgiza kai, ya ce wannan tansiyon mai taurin kai ne, ya ƙara mata magani na biyu a kan na farko. Biba ta fito da takardar, ta shiga asansar, na'urar hawa da sauka bene, ƙofa na rufewa ta ɗan taka rawa ita kaɗai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

To daga nan fa aka shiga hidima da ita. Na biyu bai yi ba, aka ƙara na uku. Aka tura ta wajen likitan zuciya, ya shafa mata wani abu mai sanyi a ƙirji ya nuna mata zuciyarta a talabijin, ta ce masa wallahi ta ɗauka ta fi haka girma. Aka tura ta wajen likitan ƙoda. Aka tura ta wajen likitan barci, don ashe barci ma yana da nasa likitan. Aka zura ta cikin wani inji mai kama da tanderun burodi, ta yi ta salati a ciki har barci ya ɗauke ta, sai da aka tashe ta. Aka ɗaura mata abin awon da ake yini da shi a hannu, mai kumbura da kansa lokaci zuwa lokaci. Da shi ta je suna a Vaulx-en-Velin, ana tsakiyar addu'a ya fara gurnani, mata suka watse, ita tana ta dariya tana cewa ku zauna, gwamnati ce ke gaishe ni. Aka haɗa ta da wata siririyar mata mai koyar da cin abinci, wadda ta hana ta gishiri da magi da soye-soye. Biba ta saurare ta da ladabi, a zuwa na biyu ta kai mata ƙosai mai zafi, matar ta cinye. Har taksi ake aiko mata ƙofar bene a kai ta asibiti a dawo da ita, tana zaune a baya tana ɗaga wa maƙwabta hannu.

Ni dai abin da ke ba ni haushi a labarin nan shi ne, dukiyar da ƙasar Faransa ta zuba a jikin matar nan ta isa a gina ɗakin shan magani a Birni har da katanga. An ɗebi jininta, an leƙa cikinta ta gaba da ta baya, an san kaurin jijiyar ƙodarta. Amma a cikin likitocin nan kaf ba wanda ya taɓa juyo da kujerarsa ya tambaye ta wa take da shi a duniya. Da an tambaya, da ta faɗa da bakinta, don Biba ba ta iya minti biyar ba ta ambaci Yaya ba.

Ita kuwa sai ta gane kan abin. In awo ya hau a ƙara magani, in ya sauka wa ya sani ko a rage? Saboda haka in randebu ya matso sai ta ba wa maganin hutu, ya tafi gefen ɗankwali. Kason Yaya ya tashi daga rabi ya fara cin nata. Kuma ga sakamako tana gani da idonta: aka turo mata bidiyon wani biki, ga Yaya Fatsima a tsakiyar fili tana rawa, mayafi a kugu, 'yan mata na yi mata guɗa. Biba ta nuna wa duk mutanen benen, har da Bature mai gyaran asansar.

Ana nan, ƙafafunta suka fara kumbura, takalmi ya daina shiga. Kai ya riƙa sara mata da safe, wani lokacin ta ga ƙananan taurari suna yawo a bangon kicin. Ta ce tsufa ne. Likitan ƙoda ya dubi takardun jininta ya daina murmushi, ya ce ƙodar tana gajiya, kuma ya rasa dalili. A ranar Biba ta ji tsoro, amma ba na ƙoda ba. Tsoronta kada su tsananta bincike su gano, su rufe mata farmasi, Yaya ta koma ɗaure kai da ƙyalle.

Da Lyon ta gaji, aka ce sai Paris, wajen wani babban farfesa a wani babban asibiti, wanda aikinsa ke nan, tansiyon da ya gagari kowa. Biba ta ji kamar an ce mata ta ci kujerar Makka. Ta sa leshinta na salla, ta ɗaura kallabi mai tsini, ta soya nama ta cika roba. Widad ta ɗauki hutu ta raka ta. A cikin jirgin ƙasa na TGV ta bi kujera kujera tana miƙa wa Turawa nama, Widad ta sunkuyar da kai tana cewa, "Maman, arrête, don Allah ki zauna."

A tashar Paris Ɗan Juma na jiransu, don washegari zai tashi zuwa gida. Aka gaisa, aka sake gaisawa, Biba ta zaro ƙunshi daga jaka ta miƙa masa.

"Mene ne kuma wannan?" in ji Widad.

"Sabulu ne da turare. Ke komai sai kin sani?"

Ɗan Juma ya karɓa da hannu biyu, ya ce in sha Allahu hannu da hannu, Hajiya.

A asibitin aka ba ta gado kusa da taga. Da safe wata ma'aikaciyar jinya mai suna Claire ta shigo da ɗan ƙaramin kofi, duk magungunan da aka taɓa rubuta wa Biba suna ciki, farare da jajaye da mai ruwan ƙwai. Ta miƙa mata da ruwa.

"Ajiye nan, 'yata, zan sha," Biba ta ce.

Claire ta yi murmushi, ba ta motsa ba.

"Ki je ki yi aikinki, kar in tsare ki. Ina da nama, kina ci?"

Claire ta ce ta gode, farfesa ne ya ce a sha a gabanta, yanzu. Biba ta dubi Widad, ta dubi ƙofa, ta dubi kofin. Ita da ba ta taɓa haɗa su duka a rana ɗaya ba, ga shi kuma ta kwana biyu cikinta bai ga ko ɗaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ta yi bisimilla ta watsa su a baki.

Kafin azahar tansiyon da ya gagari likitocin Lyon ya faɗo kamar guga a rijiya. Ta tashi za ta yi alwala, ta ji ƙasa ta matso, sai farkawa ta yi ta gan ta kwance a kan daɓe, an ɗaga ƙafafunta sama, kallabi a gefe, fararen riguna sun kewaye ta. Abin da ta fara cewa shi ne a rufe mata ƙafa, akwai maza.

Da ta dawo hayyacinta farfesan ya zo, dogon tsoho mai gilashi a kan hanci. Ya zauna a bakin gado, ya ce da Widad, "Maganin nan yana aiki sarai. Mahaifiyarki ce ba ta shansa yadda aka rubuta."

Widad ta ce ba zai yiwu ba, ita da kanta take rakiyarta farmasi wani lokacin, kuma kwalayen ƙarewa suke. Sai ƙunshin tashar Paris ya faɗo mata a rai. Ta juyo a hankali.

"Maman. Sabulu da turare?"

Biba ta gyara zaninta, ta ce, "Akwai sabulun a ciki."

"C'est pas vrai, ban yarda ba. Tun yaushe?"

"Tun ranar farko. Yayata ce, Widad. Ɗan'uwa rabin jiki ne, ina shan magani rabin jikina na ciwo?"

Widad ta fassara wa farfesa. Tsohon ya cire gilashi ya murza ido. Ya ce maganin da aka auna wa mutum ɗaya yana iya kayar da wani, kamar yadda ya kayar da ita yau. Biba ta ce a gaya masa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya ce ko da tagwaye ne. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi: ƙodar ta riga ta ci wuya, abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran kuwa ana iya tsare shi in ta sha kowace ƙwaya, kowace rana. In ba haka ba, inji ne zai riƙa wanke mata jini. Daga yau kwalaye ba za su ƙara shiga hannunta ba, ma'aikaciyar jinya za ta riƙa zuwa gida kowace safiya ta ba ta ta tsaya ta gani.

Maganar inji ba ta girgiza Biba ba. Ta kama hannun rigarsa ta ce da Faransancinta na kicin, "To ita fa, Dokotoro? Ku rubuta mata ko kaɗan ne." Ya ce ba zai iya rubuta wa wadda bai taɓa gani ba, ta yi haƙuri. Ta saki rigar. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta juya fuska bango.

Da suka rage su biyu Widad ta ce, "Me ya hana ki aika kuɗi tun farko a saya mata a can? Ni zan riƙa aikawa."

Biba ta yi wata 'yar dariya. "Ke 'yar Lyon ce. Kuɗin da ya shiga gidan Yaya, da jikoki cike da tsakar gida, kafin rana ta faɗi ya zama hatsi. Ƙwaya ce kaɗai ba a iya tuƙawa."

Duk da haka Widad ta kira Damagaram, ta kunna bidiyo, ta gaida Inna Fatsima a gurguje, ta zayyana mata komai. Fuskar Yaya Fatsima ta cika wayar, don ita kullum sai ta manna ta a hanci.

"Ke Biba. Ashe bakinki kike cirewa kina ba ni? Ba ke kika ce ya yi miki yawa ba?"

"Yaya, ai..."

"Rufe min baki. Da na sani ai da ban raba ba."

Biba ta ɗago. "Raba me?"

Yaya ta ɗan kau da ido. "To Hawa ta bayan gida fa, ita ma tansiyo gare ta, ina sha tana kallo? Rabi nake ba ta. Ita kuma na ji tana ɗan gutsura wa mijinta."

Biba ta dubi Widad, Widad ta dubi silin. Sai dariya ta ƙwace wa Biba, ta can ma ta kama, tsofaffin nan biyu suka yi ta ƙyaƙyatawa, ɗaya a Paris ɗaya a Birni, har Claire ta leƙo ta ga ko wani abin ne ya sake faruwa. Ashe duk shekarun nan, daga Minguettes har bayan gidan Yaya, ba mahalukin da ya taɓa shan maganin nan cikakke. Suka yi dariya har hawaye, daga nan hawayen ya ƙi tsayawa.

Yaya ce ta fara share fuska. Ta ce, "Saurara, Habiba." Rabon da ta kira ta da cikakken suna tun ranar da za a kai ta ɗaki. "Ban goya ki don ki riga ni ba. Kullum matar nan mai ba ki magani ta zo, ki kira ni, a gabana za ki sha."

Haka kuwa aka yi. Suka koma Vénissieux, ma'aikaciyar jinya ta unguwa ta fara zuwa da ɗan akwatinta mai makulli, Biba ta jingina waya da butar shayi, Yaya ta bayyana ta ce, "Buɗe baki in gani." Kumburin ƙafa ya saɓe, taurarin kicin suka ɓace, Dokotoro Nicolas har ya juyo da kujerarsa ya yi mata barka. Ƙunshin da Ɗan Juma ya kai shi ne na ƙarshe, Widad kuma ta cika alkawari, tana aika kuɗin magani kowane wata.

Wata safiya bayan ƙunshin ya ƙare, aka kira kamar kullum. Wannan karon wata jika ce ta riƙe wa Yaya wayar daga nesa, sai ɗakin ya fito duka. Biba na riƙe da kofinta ta ce, "Yaya, ke fa? Kin sha naki?"

"Tun da asuba. Kuɗin Widad ya iso, Allah ya yi mata albarka. Sha mana, kin bar baiwar Allah a tsaye."

Biba ta ƙura wa wayar ido. A bayan Yaya, jingine da bango, ga sabon buhun hatsi ko ɗinkinsa ba a gama farkewa ba. A ƙarƙashin ɗankwalinta kuma ga bakin wani ƙyalle, an ɗaure shi tamau a goshi.

Ma'aikaciyar ta dubi agogo, ta matso da ruwan.

"Habiba," in ji Yaya, "ina kallonki."

Biba ta zuba su a baki, ta kurɓi ruwa. Sai da ta yi ƙoƙari sau biyu kafin suka wuce. Sannan ta matso kusa da wayar ta buɗe baki, Yaya ta duba da kyau, ta ce, "Yauwa."